Tambaya da Amsa: Yarukan Kwamfuta, Inda Kowanne Ya Yi Fice da Inda Yake Tuntuɓe

Masu karatu, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kusan duk magana ɗaya suke yi: wane yaren rubuta manhaja ya fi? Mun zaɓo shida daga ciki, mun taƙaita gaisuwa saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Ni ɗaliba ce 'yar aji ɗaya, ina karanta ilimin kwamfuta. Kwamfutata ta hannu ce, RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aiki, gigabait 4. Ƙawayena sun ce in fara da Python, yayana kuma ya ce wanda bai fara da C ba bai san komai ba. Wa zan bi? — Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: 'Yata, ki fara da Python, ki shiga C kafin ki gama aji biyu. Yayanki yana da gaskiya cewa C na koya wa mutum abin da ke cikin cikin kwamfuta, sai dai ba a fara koyon tuƙi da tirela.

Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holand, shi ya fitar da Python a 1991. Ƙarfinsa shi ne yana barin mai koyo ya sa hankalinsa kan matsalar da yake son warwarewa. Ba sai kin faɗa masa wannan lamba ce, wancan rubutu ne ba, kuma shi ke kula da ƙwaƙwalwar kwamfuta da kansa. Kwamfutarki za ta ɗauke shi ba tare da nishi ba, musamman idan kika yi aiki da ƙaramar manhajar rubutu irin Thonny ko IDLE da ke zuwa tare da shi. Ga kuma kayan aiki birjik: pandas don tace bayanai, NumPy don lissafi, Django don shafukan intanet.

Wannan sauƙin kuwa shi ne inda yake cizo. Ki rubuta layin da zai karɓi farashi daga mai amfani ta hanyar input, sannan ki ninka shi sau 3. Idan mutum ya shigar da 500, ba 1500 za ki gani ba, 500500500 zai fito, domin duk abin da input ya dawo da shi rubutu ne, kuma ninka rubutu a Python maimaita shi ne. Ba zai yi ƙorafi ba. Sai kin mayar da shi lamba da int tukuna. Irin wannan kuskuren ba ya bayyana sai an zo kan layin ana cikin aiki, ko da wata uku bayan an miƙa manhajar.

Na biyu, yana da nawa. Yana fassara umarni ne yayin da yake gudana, yana duba nau'in kowane abu a kowane zagaye. Lissafin da ke zagayawa sau miliyan 100 zai ci masa daƙiƙoƙi da dama, C kuwa ya gama kafin ki ɗaga kai. Shi ya sa cikin NumPy kansa da C aka rubuta shi. Ki kuma kula da tsofaffin littattafai: idan kika ga an rubuta print babu baka biyu a bayansa, wannan Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020.

C kuma Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro shi a Bell Labs da ke Amurka wajen 1972, kuma da shi aka gina zuciyar Linux, babbar manhajar nan mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Idan kin zo kansa, ki yi wannan gwajin: ki buɗe jeri mai gurbi 10, ki rubuta abu a gurbi na 11. Python zai tsaya nan take ya ce IndexError. C zai rubuta kawai, a kan kayan maƙwabci, ya ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba. Ba ƙaramin abu ba ne wannan: a 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da yake toshewa duk shekara daga kurakuran sarrafa ƙwaƙwalwa suke. Don haka duk lokacin da za ki harhaɗa kod ɗinki da gcc, manhajar da ke fassara C zuwa abin da inji ke ganewa, ki ƙara -Wall da -fsanitize=address. Na farko zai yi miki gargaɗi kafin aiki, na biyu zai kama ki a daidai layin da kika tsallake iyaka.

Tambaya: Malam, na rubuta wa wata Islamiyya manhajar rijistar ɗalibai da yaren PHP da ma'adanar bayanai ta MySQL. Duk sunan da ke da ɗauri irin Sa'adatu ko Mu'azu ya ƙi shiga. Ruƙayya kuma wani lokaci ta fito RuÆ™ayya, wani lokaci Ru?ayya. Abokaina sun ce PHP ya mutu, in koma Python. — Wani matashi daga Katsina

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka rushe gida saboda yoyon indararo. Cuta biyu ce ke damun manhajarka, kuma duk biyun za su bi ka har Python idan ba ka gane su ba.

Ta farko ta fi haɗari. Kana liƙa sunan kai tsaye a cikin umarnin SQL ne, wato yaren da ake yi wa ma'adanar bayanai magana da shi, sai ya zama 'Sa'adatu'. Ma'adanar bayanai tana ganin ɗaurin da ke bayan Sa, ta ɗauka an rufe rubutu, ragowar adatu kuma ta ɗauke shi a matsayin umarnin da ba ta gane ba. To, ƙofar da Sa'adatu ta maƙale a ciki ita ce ɓarawo zai shigo ta cikinta: ya sa ɗauri da gangan, ya biyo shi da umarninsa, ya kwashe ko ya goge bayanan ɗalibai. Sunayen mutanenmu sun yi maka gargaɗi kyauta. Maganin shi ne ka yi amfani da PDO, hanyar PHP ta magana da ma'adana: ka shirya umarnin da prepare, ka sa alamar ? a gurbin kowane suna, sannan ka miƙa sunan daban ta execute. A haka ba za a taɓa ɗaukar suna a matsayin umarni ba. Kada ka cire ɗaurin daga sunayen yara, hakkinsu ne a rubuta sunansu daidai, kuma kada ka dogara da addslashes. Idan darasin da kake bi yana amfani da mysql_query, ka bar shi; an cire wannan tun PHP 7 a 2015.

Ta biyu ta haruffa masu lanƙwasa ce. A UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, harafi irin k bait 1 ne, wato gurbin ajiya ɗaya, amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kowanne bait 2 ne. Alamun nan biyu da ka gani ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma bambancin yana da muhimmanci. Idan ka ga Æ™, bait biyun suna nan lafiya, an karanta su ne da tsarin Turawan Yamma, kowanne a matsayin harafi daban. Wannan yana gyaruwa. Idan alamar tambaya ce a cikin ma'adanar kanta, harafin ya riga ya salwanta lokacin ajiya, sai an sake shigar da sunan da hannu. Wurare uku za ka daidaita, kuma sai dukkansu sun yarda da juna: teburin ya zama utf8mb4, a layin haɗuwa da ma'adana ka sa charset=utf8mb4, kan shafin kuma ka bayyana utf-8. Kafin ka taɓa komai, ka kwafi ma'adanar da mysqldump ka ajiye a gefe.

A nan ne yarukan suka rabu. Ka ba strlen, umarnin auna tsawon rubutu na PHP, kalmar ƙasa, zai ce maka 5, domin bait yake ƙirgawa. Haka C, haka len na Go. Python 3, Java da JavaScript za su ce 4. A PHP sai ka koma mb_strlen, mb_substr da mb_strtoupper. In ba haka ba, yanka suna don ya shiga katin shaida zai iya raba ƙ gida biyu, mayar da shi manyan baƙaƙe kuma ya ba ka ƙASA. Python ya fi tsafta a nan, amma shi ma yana da ramin da ya haƙa: a kan Windows, idan ka buɗe fayil ba ka rubuta encoding="utf-8" ba, zai iya ɗaukar tsohon tsarin Windows, Æ™ ɗin nan ya dawo. Idan kuma Excel ne zai buɗe fayil ɗin CSV, utf-8-sig za ka sa.

Jera sunaye ma akwai magana. Jeri na kai tsaye a kusan kowane yare yana bin lambar da kwamfuta ta ba kowane harafi ne, lambar Ɗ kuwa tana can bayan z, don haka Ɗanjuma zai faɗo ƙarshen rijista bayan Zainab. A PHP ka yi amfani da Collator ka ba shi ha, alamar Hausa, a JavaScript kuma Intl.Collator. Idan makarantar za ta riƙa tura wa iyaye saƙon tes, ka sani cewa harafi mai lanƙwasa guda ɗaya yana rage saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, kuɗin ya ƙaru.

Batun mutuwar PHP kuwa, WordPress, manhajar gina shafuka da aka yi da shi, yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet, kuma babu yaren da ya kai shi arahar masauki. Aibinsa shi ne sunayen umarninsa ba su da tsari ɗaya, kuma yana da sassauci wajen kwatanta abubuwa. Ka saba da === maimakon ==.

Tambaya: Ina haɗa wa ƙungiyar 'yan kasuwa manhajar adashe da JavaScript. A ƙarshen wata jimilla tana saɓawa da kobo ɗaya ko biyu, wata rana ma zubin 2000 da 500 ya fito 2000500. Yaren ne ba shi da kyau? — Mai rubuta manhaja daga Kano

Amsa: Malam, rabin laifin na JavaScript ne, rabin na kowa da kowa. Ka buɗe burauza ka haɗa 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. Ka gwada a Python, amsar ɗaya ce. Kwamfuta da tsarin lamba biyu take ajiya, kuma ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa a wannan tsarin, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu. Ɗan guntun da ake yankewa shi ke taruwa ya zama kobon da ka rasa.

Kada ka ajiye kuɗi da ɗigo. Ka mayar da komai kobo, cikakkiyar lamba: naira 1,250.50 ta zama 125050, sai wajen nunawa ka raba da 100. Haka Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ke karɓar adadi daga masu haɗa manhaja. Wajen rabo ka yanke hukunci tun farko: naira 10,000 tsakanin mutum uku kobo 333,333 ne kowanne, saura kobo 1, kuma dole manhajar ta san inda zai tafi. Python yana da Decimal, Java yana da BigDecimal, a ma'adana kuma akwai DECIMAL. JavaScript ne ba shi da irinsu a jikinsa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun huta da rabin wannan, tunda ba a ciniki da ɓarin sefa.

Wanda ya koma Java ko C ya yi hattara da wani ramin. Nau'in int, mazubin cikakkiyar lamba na yau da kullum, iyakarsa 2,147,483,647. Idan kobo ne, naira miliyan 21 da 'yan kai ke nan, kuɗin da adashen 'yan Kwari zai wuce cikin sauƙi. Java ba zai yi ihu ba, zai juya ne ya koma lambar bashi, wato ta ƙasa da sifili. Sai a sa babban mazubi: long a Java, long long a C. Lambar Python ba ta da wannan iyakar.

Shi kuwa 2000500 halin JavaScript ne tsantsa. Duk abin da ya fito daga akwatin fom rubutu ne, alamar + kuma idan ta ga rubutu liƙawa take yi. Abin da ke ruɗa mutane, alamar − tana mayar da rubutun lamba ta yi lissafi daidai. Brendan Eich ya rubuta yaren ne cikin kimanin kwana 10 a 1995, kuma ba a iya gyara irin waɗannan ba don kada tsofaffin shafuka su lalace. Ba za ka guje masa ba, shi ne yaren burauza. Ka mayar da duk abin da ya shigo lamba da Number tun a bakin ƙofa, sannan ka koyi TypeScript, yaren da aka ɗora kan JavaScript, wanda Microsoft ya fitar a 2012; idan ka ce masa zubi lamba ne, zai ƙi karɓar rubutu tun kana kan rubutawa.

Lambar waya, lambar asusun banki mai lamba 10, da BVN ko NIN masu lamba 11, duk a matsayin rubutu ake ajiye su. Ba lissafi ake yi da su ba, kuma sifilin farko zai ɓace idan ka mayar da su lamba.

Tambaya: Ina son yin manhajar waya mai nuna farashin gero, wake da albasa a kasuwanninmu. Java, Kotlin ko Flutter? — Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi

Amsa: Alhaji, idan Android kaɗai ake nufi, Kotlin. Google ya karɓe shi a hukumance a 2017, ya fifita shi a 2019. Abin da ya fi Java da shi, bayan gajarta, shi ne yana tilasta wa mai rubutu ya faɗi ko wani gurbi zai iya zama babu komai. Idan yau ba a shigar da farashin wake ba, manhajar Java da ba a yi hattara ba za ta rufe kanta a hannun mai amfani; Kotlin ba zai bari a harhaɗa kod ɗin ba sai an tanadi abin da za a nuna. Java bai tsufa ba, manyan manhajojin bankuna da kamfanoni na kansa, amma sabon aikin waya ba shi ne wurinsa ba.

Flutter, mai amfani da yaren Dart, yana ba da Android da iPhone daga rubutu ɗaya, sai dai manhajarsa takan fi nauyi wajen saukewa. Fitar da ta iPhone kuma na buƙatar kwamfutar Mac da dala 99 duk shekara, na Google kuwa dala 25 ne sau ɗaya. Ku duba wayoyin da ke hannun dillalai kafin ku kashe wannan kuɗin. Ku kuma sani Android Studio, manhajar da ake rubuta ta Android a cikinta, yana son RAM gigabait 8 zuwa sama. Ko wanne kuka zaɓa, ku sa manhajar ta ajiye farashin ƙarshe a cikin wayar da SQLite, ƙaramar ma'adanar bayanai, tare da ranar da aka ɗauko shi, don a kasuwar ƙauye ba kullum ake samun sabis ba.

Tambaya: Na iya Python sosai. Go ko Rust, wanne zan ƙara? — Wata ma'aikaciya daga Kaduna

Amsa: Malama, Go, idan aikinki na saba ne, wato kwamfutar da ke yi wa shafuka da manhajoji hidima ta intanet. Google ya bayyana shi a 2009, ƙaramin yare ne da za ki kama cikin makonni kaɗan, yana iya hidimar dubban masu shigowa lokaci guda, kuma fayil ɗaya yake fitarwa ki ɗora a saba ba tare da girke-girke ba. Docker da Kubernetes, kayan tafiyar da manhajoji a saba, da shi aka yi su. Za ki gaji da maimaita duba kuskure bayan kusan kowane kira. Rust, da ya kai siga ta 1.0 a 2015, yana ba da gudun C tare da toshe kurakuran ƙwaƙwalwar da muka ambata a sama, har an buɗe masa ƙofa a zuciyar Linux a 2022. Amma koyonsa na cin watanni, kuma sai kin yi ta kokawa da dokokinsa na mallakar bayanai. Idan ba ki da aikin da ke buƙatar wannan gudun, ki jinkirta shi.

Tambaya: Na haɗa Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni, don ya kunna famfon ban-ruwa a gonar mahaifina na minti ɗaya ya kashe. Na rubuta delay(60 * 1000), ya kunna amma ya ƙi kashewa har fangali ya cika ya tumbatsa. Da Python ne da ban sha wannan wahalar ba. Zan iya sa shi a ciki? — Wani ɗalibi daga Kura

Amsa: Ɗana, Allah ya sa albarka a wannan ƙoƙarin. Python ba zai shiga Uno ba. Ƙwaƙwalwar aikinsa kilobait 2 ce kacal, wurin ajiye kod kilobait 32, mai fassara Python kuwa ya fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba. A irin wannan ƙuncin C da C++ ke mulki, domin ba sa ɗauko kayan da ba ka nema ba.

Ga abin da ya faru da famfonka. A kan Uno, int iyakarsa 32,767. Lambobin 60 da 1000 duk int ne, don haka a wannan ƙaramin mazubin aka ninka su, 60,000 kuwa ba ta shiga. A aikace sai ta juya ta zama −5,536. Shi kuma delay ba ya karɓar lambar bashi, sai ya karanta ta a matsayin sama da biliyan 4 na ɗaya bisa dubun daƙiƙa, wato kwana 49 da ɗoriya. Famfon bai ƙi kashewa ba, yana jiran lokacin da aka ba shi ne. Ka rubuta 60000UL, haruffan nan biyu na ƙarshe su ke cewa a yi amfani da babban mazubi. Manyan injiniyoyi ma sun faɗa irin wannan ramin: rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse a tashinta na farko a 1996 saboda an cusa babbar lamba a mazubi mai bit 16.

Gara ma ka bar delay gaba ɗaya, domin yayin da yake jira allon ba ya sauraron komai, ko maɓallin kashewa. Ka yi amfani da millis, agogon allon mai ƙirga lokaci tun da aka kunna shi: ka ajiye lokacin da aka kunna a unsigned long, a kowane zagaye ka ɗebe shi daga lokacin yanzu, idan bambancin ya kai 60000UL ka kashe. Ɗebewa za ka yi, ba tarawa ba, domin shi ma millis yana komawa sifili bayan kwana 49 da ɗoriya, kuma ɗebewa ce ke ba da amsa daidai ko ya juya. Ka guji nau'in String, yana ragargaza 'yar ƙwaƙwalwar har allon ya sanƙare bayan kwanaki. Rubutun da za ka nuna ka naɗe shi da F don ya zauna a wurin ajiyar kod.

Idan ranka na kan Python, ka sayi allon ESP32. Yana da ƙwaƙwalwar aiki kilobait 520, yana ɗaukar MicroPython, ƙaramin Python na irin waɗannan alluna, yana da Wi-Fi, kuma don kunna famfo da kashewa nawarsa ba za ta dame ka ba. Sai dai ƙafafunsa da bolt 3.3 suke aiki, na Uno kuwa 5, don haka ka tabbata rile ɗinka, makunnin da allo ke kunnawa da ƙaramar wuta, zai amsa 3.3.

Ko wanne allo ne, ƙafarsa ɗaya ba ta ba da abin da ya wuce 'yan miliamfiya, na Uno 20 ake so. Allo ya tuƙa rile, rile ya tuƙa kwantakta, wato makunnin babbar wuta, kwantakta ta ɗauki famfo, kuma mai aikin lantarki ya haɗa ɓangaren babbar wuta. Ka zaɓi haɗin da idan allon ya mutu famfon zai kashe, ba ya ci gaba da zuba ba. Ka sa iyaka ta biyu a kod: komai ya faru, kada famfo ya wuce minti 5 a kunne. Sannan ka ɗaura kwan fitila a madadin famfon, ka bar shi a ɗaki kwana uku yana kunnawa yana kashewa kana duba agogo, kafin ka mayar da shi gonar Baba.